Tukunyar moka da injin esfireso mai famfo: ina bambancinsu?

Wani ɗan'uwa a wannan zaure ya ce ya ga tukunyar moka da injin esfireso na lantarki a shago ɗaya, mai shagon ya ce masa duk aikinsu guda, to me ya sa kuɗinsu ya yi nisa haka? Malam, ba aiki guda suke yi ba. Abin da ya raba su shi ne matsi, wato ƙarfin da ke tura ruwa ta cikin garin gahawa.

Tukunyar moka ta fito ne daga hannun Alfonso Bialetti a Italiya a 1933. Hawa uku gare ta: gindin da ake zuba ruwa, mazurarin da ke ɗaukar gari, sai saman da gahawa ke taruwa. In ta hau wuta, tururi ya taru a gindi ya ingiza ruwa sama ta cikin garin. Matsin bai wuce bar 1 zuwa 2 ba (bar shi ne ma'aunin da ake auna matsi da shi). Za ka samu gahawa mai ƙarfi, amma ba ta da kauri da kumfar esfireso. Ka tsayar da ruwa ƙasa da ɗan bawul ɗin da ke gefe, ka cika mazurari ba tare da dannawa ba, wuta kuma kadaran-kadahan. Da ka ji ta fara ƙurƙur tana tofar da kumfa, sauke ta, domin abin da ke biyo baya ɗaci ne zalla.

Shi kuwa injin esfireso yana aiki ne a kan bar 9. Achille Gaggia ne ya kai ga wannan ƙarfi da inji mai hannun ja bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sannan kamfanin Faema ya kawo famfon lantarki mai tura ruwan a injinsa E61 a 1961. Ma'aunin da aka saba: giram 18 na gari, ruwa mai zafin digiri 90 zuwa 96, a samu giram 36 na gahawa cikin daƙiƙa 25 zuwa 30. In komai ya daidaita, za ka ga ta fara ɗigowa baƙa wuluk, sannan ta miƙe siririya kamar zuma tana komawa ruwan ƙasa, kumfa ta kwanta a samanta.

Nan ne wahalar take, kuma wahalar niƙa ce. In garin ya yi tsaki-tsaki, ruwa zai wuce cikin daƙiƙa goma, gahawa ta fito salam da tsami. In ya yi laushi fiye da kima, inji ya shaƙe, sai ɗigo-ɗigo mai ɗaci. In kuma ba a baje garin daidai ba kafin a danna shi, ruwa zai huda wuri ɗaya ya bi, sauran garin ya zauna bai ba da komai ba, sai ka ji tsami da ɗaci a kurɓa ɗaya. Shi ya sa inji ba ya amfani in babu maniƙa mai haƙora wadda ake iya saitawa. Mai wuƙa irin ta markaɗe ba ta fitar da gari bai ɗaya. Kumfar ma iskar da ke cikin sabon gasasshen ƙwayar gahawa ce ke kawo ta, garin da ya yi watanni a buɗe ba zai ba ka ita ba.

Kada rubutun kwali ya ruɗe ka. "Bar 15" iyakar ƙarfin famfon ne, ba alamar ya fi kyau ba. Wanda aka rubuta wa bar 3.5 kuwa ba shi da famfo sam, da tururi yake aiki kamar moka.

Sai batun wuta da ruwa. Injinan gida sukan ja wat 1,200 zuwa 1,500, ƙaramin janareto ba zai ɗauka ba. Wanda aka yo wa kasuwar Amurka na bolt 120 ne, in ka jona shi kai tsaye a wutarmu ta 220 zuwa 230 ya ƙone. Ruwan burtsatse mai gishiri yana barin farin ɓawo a bututun ciki har ruwa ya daina gudu, don haka a yi amfani da tataccen ruwa, a riƙa wanke cikin da maganin da kamfanin ya ambata. Moka ba ruwanta da wannan duka, risho ko gas ya ishe ta, robar tsakiya kawai ake canja mata in ta fara yoyo.

In gahawa mai ƙarfi kake so da safe, musamman ta haɗawa da madara, ɗauki moka. In esfireso na ainihi kake nema kuma kana da tsayayyar wuta, sayi mai famfo, amma ka ware kuɗin maniƙa da ɗan sikelin awon giram tun kafin ka biya na injin.