Shekara biyu da bankin waya a aljihuna: abin da na gani a matsayina na ɗaliba

A watan Fabrairun 2023 na sauke manhajar bankin waya, kuma ba don sha'awa ba, dole ce ta sa. Lokacin Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, tsofaffi suka ɓace, sababbi kuma ba su wadata ba. Na tsaya a layin ATM tun bayan asuba har rana ta take, aka ce kuɗi ya ƙare saura mutum shida a gabana. Mai POS ɗin ƙofar makaranta ya ce sai na ba shi dubu ɗaya kafin ya ba ni dubu biyar. Da ya ga idona ya kawo ruwa sai ya sassauta murya, ya ce, "Ƙanwata, ki buɗe irin wannan asusun na waya mana, ko mai shayi yanzu yana karɓa."

Ina karanta fannin tattalin arziki a Kano, kuma ina sayar da hijabai da turaren wuta a ɗakin kwanan ɗalibai. Daga Kantin Kwari nake saro hijaban. Don haka wannan sharhi na mai ƙaramar sana'a ne, wadda jarinta bai taɓa wuce dubu ɗari da hamsin ba.

Buɗe asusun bai ɗauke ni minti goma ba. Lambar waya, BVN, hoton fuska, shi ke nan. Abin da ya fi burge ni tun ranar farko shi ne sauri. Ƙawata za ta turo kuɗin hijabi tana zaune a kan gadona, kafin ta ajiye wayarta tawa ta yi ƙara. Wanda bai taɓa bin bashi a hostal ba ba zai gane darajar wannan ba. A da "zan ba ki gobe" ita ce ke cinye mini riba. Yanzu sai in ce, "Turo kawai, ga lambata," kuma babu mai jin kunya ko jin an matsa mata. Sayen data da kati da biyan kuɗin wuta na gidanmu duk a ciki nake yi. Tarihin shiga da fitar kuɗi yana nan a jere, shi ya zama littafin cinikina.

Sai dai ba kullum ake kwana a gado ba. Wata ranar Asabar na je Kwari, na zaɓi kaya na dubu arba'in da biyu, aka ɗaure mini su a leda. Na tura kuɗi, aka cire daga wajena, amma ba su isa ba. Alhajin da nake saro wajensa ya duba wayarsa sau uku, ya ba yaronsa ya duba, sannan ya ce, "'Yata, wallahi ban ga alat ba." Na nuna masa rasit. Ya yi shiru, ya dube ni, ya ce in tafi da rabin kayan tunda mun saba. Kwana uku kuɗin suka yi a rataye kafin su dawo. Wannan ma zan iya jurewa, amma sashen kula da masu hulɗa ya ɓata mini rai. Na'ura ce ke amsawa, da Turanci, tana maimaita abu ɗaya, sai a rana ta biyu na samu ɗan Adam. Na yi ta tunanin Ummata, wadda ba ta karanta Turanci. Idan ita abin ya faru da ita, wa za ta kai wa kuka? Kamfanin da ke da dubban masu shaguna a Arewa ya kamata a ce akwai layin da za ka kira a amsa maka da Hausa.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne yadda manhajar ta canza mini sauraron labarai. A da idan aka zo labaran kasuwanci a rediyo, lokacin nake tashi in ɗebo ruwa, duk da cewa fannina ne. Yanzu kuwa kusan duk abin da aka faɗa sai na gan shi a tafin hannuna. Ranar 14 ga Maris 2024 intanet ya rikice, na kasa tura ko kwabo, da dare na ji cewa wayoyin ƙarƙashin teku ne suka lalace a gabar Afirka ta Yamma. Ni da ban taɓa ganin teku ba, ga shi ya hana ni ciniki. Daga ranar na haddace lambar nan da ake dannawa ba tare da data ba.

A ƙarshen Afrilun shekarar, Babban Bankin, wato CBN, ya dakatar da wasu manyan manhajoji huɗu daga ɗaukar sababbin masu asusu, sai a watan Yuni aka ɗage. Jita-jita ta cika hostal cewa za a rufe su da kuɗin mutane. Ana cikin haka, ranar 3 ga Yuni, aka soke lasisin Heritage Bank. Baba ya kira ni hankali a tashe: "Uwata, kuɗin nan naki a ina suke kwana?" Tambayar ta kama ni, don ban san amsarta ba. Sai na zauna na bincika. Na gano cewa hukumar NDIC ce ke inshorar ajiyar mutane, kuma a 2024 ta ɗaga abin da take biya zuwa naira miliyan 5 ga bankunan kasuwanci da miliyan 2 ga ƙananan bankuna. Na shiga manhajar na nemo irin lasisin da take da shi, can ƙasa a ƙananan haruffa. Wannan bayani ne da ya kamata ya zo a shafin farko. Duk wanda zai buɗe asusu, ina roƙonsa ya fara duba wannan kafin ya duba kyautar da ake yi masa alkawari.

Cajin naira 50 da aka fara cirewa a irin waɗannan manhajoji daga 1 ga Disamban 2024, kan kuɗin da ya kai dubu goma, harajin gwamnati ne, ba na kamfanin ba. Ƙarami ne, amma mai cin ribar ɗari uku a hijabi tana jin sa. Haka ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari da hukumar sadarwa ta NCC ta amince da shi a Janairun 2025: manhajar kyauta ce, hanyar shiga cikinta ce ta ƙara tsada.

Inda na fi daɗewa ina tunani shi ne sashen ajiya. Suna da wani asusu da za ka kulle kuɗi na wata uku ko shida, a ba ka ruwa a kai. Kullum sai sun tunatar da ni. Ni ban shiga ba, saboda riba ce kuma addinina ya hana, kuma na so a ce akwai zaɓin ajiya marar ruwa a fili, kamar yadda Jaiz da TAJBank suke yi, maimakon in riƙa kauce wa talla. Na bar dubu sittin a asusun yau da kullum tsawon zangon karatu guda, ina jin daɗi na yi tanadi. Da na koma Kwari, abin da kuɗin suka saya mini bai kai na da ba, hijabai kusan goma suka ragu. A lambobi babu abin da ya taɓa su. Hukumar Ƙididdiga ta ce a watan Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, kuma ko ruwan da manhajar ke nunawa a lokacin bai kamo wannan ba. Malaminmu ya sha zana mana wannan a allo, amma ban fahimce shi ba sai da na ƙirga hijabai a cikin leda. Manhajar tana tsare kuɗi daga ɓarawo da kuma hannuna, amma darajarsu ba ta hannunta.

Shi ya sa na sauya tsari. Ciniki yana shiga manhajar, duk sati biyu in mayar da shi kaya. Adashin da muke yi mu takwas a layinmu yana nan, sai dai yanzu ta waya muke zubi, uwar adashi ta tura hoton rasit a zaurenmu na WhatsApp. Kuɗin rijistar makaranta kuma a wani bankin daban nake ajiye su, don kada matsalar sabis ta rana ɗaya ta tsayar da ni gaba ɗaya.

Zan ba ɗalibi shawarar ya yi amfani da ita, musamman mai 'yar sana'a. Ga Umma kuwa har yanzu ban buɗe mata ba. Watan jiya wani ya kira ta da Hausa tsantsa, ya ce daga banki yake, ta karanto masa lambobin da aka turo mata. Allah ya sa ina gida, na karɓi wayar na kashe. Na ce mata idan na dawo hutu za mu zauna in koya mata a hankali, kuma har zuwa lokacin ni ce POS ɗinta.