Takardar tambayoyi ko zaman hira: wanne zai nuna yadda mutanen Damagaram ke kallon hayaƙi da ƙura?

Ƙanwata, kin ce kundinki na kammala karatu zai duba yadda mutanen Damagaram ke ganin gurɓatar iska da illarta ga lafiya, kina tambaya ko ki raba takardar tambayoyi ko ki zauna hira da mutane rukuni-rukuni.

Takarda ƙidaya take ba ki. Da ita ce kawai za ki iya cewa kashi kaza na matan unguwar Birni suna ganin hayaƙin murhu na cutarwa, ki gwada da na Garin Malam ko Kara-Kara. In ba ki son kuskuren lissafi ya wuce kashi 5 cikin ɗari, kina buƙatar wajen mutum 384, kuma a zaɓo gidajen ta ƙuri'a, ba duk wanda kika ci karo da shi a Kasuwar Dole ba. Aibinta, abin da kika zuba a ciki shi take dawo miki da shi. Ga kara kuma: mutum ya ga ƴar jami'a da biro, sai ya faɗi abin da yake zaton tana son ji. Cewa mutum ya ba da maki daga 1 zuwa 5 ma yana rikita wanda bai saba ba. Gara ki ba uwargida ƙwayar wake goma ta rarraba tsakanin murhu, bola, kabu-kabu da ƙurar hunturu gwargwadon yadda take ganin illar kowanne, ki ga inda ta fi tarawa.

Hira kuwa dalili take fito da shi, kuma nan ne nake ganin ribar aikinki. Mutanenmu abin da ke wari suke kuka da shi, kamar ƙona leda a bola da hayaƙin salansa. Hazon da ke taso mana daga kwarin Bodele na Cadi, yanayi ne a wurinsu, na Allah ne, ba a lissafa shi. Hayaƙin girki kuma "mun saba" ake cewa. Ki dubi mai goyo a durƙushe tana hura ɗanyen itace, idonta na zubar da ruwa, kan jaririn na daidai inda hayaƙin ke bi. In yaron ya kama tari, sanyi za a ɗora wa laifi. Alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya yi ajalin mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, da ƙananan yara masu yawa a ciki. Wannan "mun saba" ɗin babu gurbinsa a takarda, sai a baki.

Amma hira ba ta juyuwa kashi cikin ɗari, kuma in dattijo ya yi magana sauran kai kawai suke gyaɗawa. Ki zauna da samari a fadarsu daban, mata daban, kada ki haɗa matar ɗa da uwar miji.

Ni dai da hira zan fara, zama kaɗan ya isa, sannan in ɗauki kalaman da na ji in tsara takardar da su. Ki rubuta ranar kowace amsa, don wanda kika tambaya a Janairu cikin hazo da wanda kika tambaya a Agusta bayan ruwa ba iska ɗaya suke tunawa ba. Kafin ki shiga unguwa ki fara gaida mai unguwa, kuma a gidajen kulle ke ce za ki shiga, abokin aikinki namiji ya tsaya a zaure da maigida.