Darasi goma sha biyu a makarantar koyon tuƙi: abin da na koya kan kuloci da giya

Shekara shida ina tuƙa mota otomatik kafin ciwon ido ya hana Babanmu tuƙi. Kai shi asibiti ya dawo wuyana, shi kuma ba ya jin daɗin kowace mota sai Golf 3 ɗinsa mai giyar hannu. Ranar da na fara gwadawa, sau huɗu tana mutuwa ban ko fita daga layinmu ba. Shi ya sa na biya kuɗin darasi goma sha biyu a wata makarantar koyon tuƙi a nan Kano, na ce musu kuloci da giya kawai nake so.

Allah ya haɗa ni da wani dattijo, tsohon direban Fijo 504 da ya daɗe yana jigila tsakanin Kano da Jos. Kwana biyun farko a fili muka yi su, bai bar ni na taɓa totur ba. "Hajiya, janye ƙafar dama, yau ba ta da aiki." Sai in taka kuloci har ƙasa, in sa giya ɗaya, in riƙa ɗago ƙafa a hankali. Akwai wani wuri da ƙarar injin ke sauka, gaban motar ya ɗan yi rawa kamar tana son tashi. A nan yake cewa in tsaya cak, kada in ƙara, kada in rage. Sai ga mota tana tafiya da kanta, ban taka totur ko kaɗan ba. Mun maimaita wannan ya fi sau talatin, har cinyata ta hagu ta yi tsami. A lokacin na ga kamar ɓata kuɗi ne. Yanzu kuwa na san duk sauran darussan a kan wannan suka hau.

Abin da ya fi burge ni shi ne ba ya ba da umarni ba tare da dalili ba. A but ɗin motar yana ajiye da tsohon faifan kuloci, ya miƙo min na riƙe. Fuskarsa ta sule ta yi baƙi, kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ita sun fito. Ya ce wannan faifan ne ke manne wa inji ya kai ƙarfi ga giya, kuma duk mai ɗora ƙafa kan kuloci yana tafiya, ko mai riƙe mota da shi a kan hawa, goge shi yake yi har ya zama haka. Tun ranar, da na gama sauya giya nake sauke ƙafata ƙasa.

Hannu ma ya gyara min. Da damƙe sandar nake yi ina kokawa da ita. Ya nuna min cewa in aka sake ta a firi, wato ba ta cikin kowace giya, da kanta take komawa tsakanin uku da huɗu, don haka daga biyu zuwa uku tafin hannu ya isa: a tura zuwa firi, a ɗan dakata, a tura gaba. Lokacin sauyawa kuwa ya ce kunne ne ke faɗa, amma kafin kunnen ya saba in riƙa duba allurar juyin inji, in ta kai tsakanin 2,000 da 2,500 in ƙara giya. Kafin shataletale, birki tukuna, sannan kuloci, a dawo biyu, a saki kulocin kafin a fara karya sitiyari.

Jarrabawar gaske a hawan gadar Ƙofar Nassarawa ta same ni, cikin gosulon yamma, ɗan adaidaita sahu ya manne min a baya yana ta hon. Zuciyata na bugawa. Dattijon bai ɗaga murya ba. "Ja hambirki. Nemo wurin nan namu. Ƙara mai kaɗan. To, sauke." Motar ba ta koma baya ko taku ɗaya ba.

Sai dai makarantar kanta ba ta kai malaminta ba. Awa guda aka ce kowane darasi, amma sau da yawa mu uku ake zubawa a mota ɗaya, kowa ya samu minti ashirin. Kuɗin mai ma sai a mako na biyu aka tayar da zancensa, alhali ba a faɗa ba lokacin biya. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne kwana biyun da dattijon bai zo ba, aka ba ni wani matashi da rabin hankalinsa ke kan waya. Shi ne ya ce in riƙa sa mota a firi a gangara don tsimin mai. Da na faɗa wa dattijon, ransa ya ɓaci sosai. Ya ce a firi inji ba ya taya birki riƙe mota, kuma a gangaren hanyar Jos ya ga abin da hakan ke jawowa in birki ya yi zafi. Irin wannan kuskuren bai kamata ya fito daga bakin mai koyarwa ba.

Wanda zai je, ya tambayi wa zai koya masa da mutum nawa ne a mota kafin ya biya. Ya kuma roƙa a yi darasin ƙarshe da motar da zai riƙa tuƙawa. Da Corolla muka koya, ribas ɗinta yana dama ta baya, a Golf kuwa sai an danna sandar ƙasa an kai ta hagu ta gaba, dab da giya ɗaya. Dattijon ya yarda na kawo ta Baba a kwana biyun ƙarshe, ya kuma nanata min kada in nemi ribas sai mota ta tsaya cak.

Makon jiya na kai Baba asibiti na dawo da shi, ba ta mutu ko sau ɗaya ba. Gyara ɗaya ya yi min: in danja ta daɗe, in sa a firi in saki kulocin, in daina tsayawa a kansa.