Shatar Sienna daga Kano zuwa Daura a dawo a yini guda: abin da na biya da abin da na samu

Kamfanin hayar motoci ne a nan Kano, irin waɗanda suke tallata kansu a Facebook, a gama ciniki da su ta WhatsApp ba tare da an taka ofishinsu ba. Ba zan kama suna ba, tunda akwai yabo akwai ƙorafi a bakina, kuma irinsu sun yi yawa a gari, tsarinsu kusan duk ɗaya. Sienna na ɗauka da direba, ranar wata Asabar cikin bazara, don mu je ɗaurin auren ɗan kawuna a Daura mu dawo a ranar. Mu shida ne: ni, Hajiya mahaifiyata, Gwaggo, ƙanena da yara biyu.

Motata ba za ta ɗebe mu ba. Ta haya kuwa, kowa ya san yadda take. Ka je Ƙofar Ruwa ka zauna sai mota ta cika, mutum huɗu a baya, biyu a gaba, in kana son sarari sai ka sayi kujerar wani. Ga saurayi da jakarsa a kafaɗa wannan ba komai ba ne, kuma ya fi araha nesa ba kusa ba. Amma Hajiya tana fama da gwiwa, ɗaurin aure kuma ƙarfe 11 ne, liman ba zai jira mota ta cika a Kano ba.

Cinikin bai yi wahala ba. Suka ce mota da direba naira dubu 70 a yini, mai a kanmu, abincin direba ma a kanmu, a ba da rabin kuɗi kafin ranar. Suka turo hoton mota fara tas. Na tura kuɗin ta banki, aka amsa mini da “mun gani, Alhaji”. Rasit babu, takardar yarjejeniya babu. Wannan ne ƙorafina na farko, kuma duk sauran ƙorafin daga cikinsa suka fito. Kamfanin da zai karɓi dubunnan nairorin mutum bai kamata a ce hujjarsa ita ce hirar waya kawai ba.

Lissafin tafiyar ni na yi shi, kuma daga ƙarshe na faro. Kano zuwa Daura tafiyar kilomita 130 da wani abu ce, ta Dambatta da Kazaure, ka taɓa jiha uku: Kano, Jigawa, Katsina. Taswirar waya za ta nuna maka awa biyu da ɗoriya. Taswirar ba ta san Hajiya za ta nemi a tsaya ta miƙe ƙafa ba, ba ta san Kurna ba, ba ta kuma san cewa a biki ba a yin sallama sau ɗaya. Na sa mana awa uku a zuwa, awa uku a dawowa. Sharaɗina ɗaya ne, kada magariba ta same mu a hanya. A wannan lokaci rana tana faɗuwa wajen shida da rabi, ke nan dole mu baro Daura ƙarfe uku, komai daɗin hira. Zuwa kuma in ana son a isa kafin goma, a gaisa, a huta, sai a bar gida shida da rabi. Na ce wa kamfanin mota ta zo ƙarfe shida.

Sai bakwai saura kwata ta iso, kuma ba farar da ke cikin hoto ba ce. Wata ruwan toka ce, ta fi waccan shekaru, ƙofar gefe sai an sa ƙarfi take rufuwa. Na kira lambar kamfanin, tana shiga ba a ɗauka. Direban ne ya ce mini farar ta tafi Abuja tun jiya, da asuba aka kira shi aka ce ya maye gurbi. Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba, amma babu lokacin rigima.

Daga nan ne kuma al'amarin ya juya, saboda direban. Dattijo ne mai furfura a gemu, maganarsa kaɗan. Ya durƙusa ya gaida Hajiya, ya janyo kujerar tsakiya baya don ta sami wurin miƙe ƙafa, sannan ya ce mini, “Alhaji, zo ka gani da idonka kafin mu tashi.” Ya nuna mini safaya da iskarta, jak, abin kwance taya, tukunyar kashe gobara, da jarkar ruwa don lagireto. Ya zaro takardun mota da lasisinsa. Sai ya kunna mota ya ce in ɗauki hoton allurar mai da na lambar kilomita, don kada a yi musu da yamma. Ni ban roƙe shi ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Mutumin da ya yi haka, ka san ya taɓa ganin inda rashin yi ya kai wani.

Ya ba da shawara mu sha mai a cikin gari, a gidan man da ya yarda da litarsa, mu cika tanki gaba ɗaya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mai ne ke cinye babban kaso na kasafin kowace tafiya, don haka wanda zai yi shata ya tambaya tun farko ko kuɗin da aka faɗa masa da mai ne ko babu. Sienna ba ta wasa da mai, musamman in an kunna esi. Zuwa da dawowa da ɗan zagayen cikin Daura, mun ƙona abin da ya haura lita 35. Duk wanda aka ce masa “dubu 70 kacal”, ya ɗora kuɗin wannan a kai kafin ya yi murna.

Fita daga Kano ita ce rabin wahalar. Titin Katsina daga Kurna zuwa Rijiyar Lemo, Bachirawa har Mil Tara, in ka makara kaɗan sai ka tarar da 'yan adaidaita sahu sun cika shi, ga tireloli masu nufar kasuwar hatsi ta Dawanau. Minti arba'in da biyar ɗin da aka ci mana a gida, a nan muka biya su da riba. Da mun tashi shida da rabi da mun wuce salin-alin. A Dawanau hanya ta rabu, ta Katsina ta miƙe ta Bichi, mu muka ɗauki ta Dambatta.

Wannan hanya ita ce aka ƙaddamar da aikin mayar da ita tagwaye a farkon 2023, daga Dawanau har Kongolam a bakin iyakar Nijar. Inda aka shimfiɗa sabuwar kwalta, mota tafiya take kamar a kan tabarma. Inda ake kan aiki kuma sai a haɗe ku hannu ɗaya da masu tahowa, ga ƙura, ga masu ganin kowane sarari na wuce na gaba ne. A irin wuraren nan na ƙara ganin amfanin dattijon. Ya san inda kwalta take yankewa tun kafin a hango, sai ka ji ya sassauta ba tare da ya taka birki da ƙarfi ba. Allurarsa ba ta cika wuce 80 ba, wanda shi ne abin da hukumar kiyaye haɗura ta ƙayyade wa ƙananan motoci a irin wannan hanya. Ƙanena ya fara gunaguni cewa za mu rasa ɗaurin aure. Ya kalle shi ta madubi ya ce, “Samari, kwalta ta yi zafi, tayoyin nan kuma ba sababbi ba ne.” Daga nan ba wanda ya sake magana. Shi ne kuma ya ce mun yi dace da Asabar ce, domin Lahadi kasuwar Dambatta take ci, motocin dabbobi kan toshe cikin garin.

Maganar tayoyin ta tsaya mini a rai. Direba ya san ba sababbi ba ne, ke nan kamfani ma ya sani ko ya kamata ya sani. Esin ma haka. Gaba yana sanyi, tsakiya da dama-dama, amma kujerar can baya inda yara suke, iska ce kawai mai ɗumi. Kafin Kazaure sun jiƙe da gumi, sai da muka yi musanyar wuri. A bazarar arewa, motar da aka yi tallarta da esi ya kamata ya kai ko'ina.

Kazaure muka tsaya minti goma. Garin yana da kyan gani daga hanya, duwatsu sun kewaye shi, ga ruwan dam. Hajiya ta taka ƙasa, aka sayi ruwa mai sanyi. Daga nan zuwa Daura shingayen jami'ai sun fi yawa, abin da ba mamaki tunda iyaka ake tunkara, har da na kwastan. Ba a riƙe mu ko'ina ba. Gilashi a ƙasa, sallama, takardu a hannu, a wuce. A wasu wuraren ana hango aikin titin jirgin ƙasa na Kano zuwa Maraɗi, wanda aka aza harsashinsa a 2021, zai kuma bi ta Kazaure da Daura. Gwaggo ta ce in ya fara aiki ita ta gama shiga mota. Allah ya nuna mana.

Mun shiga Daura goma da rabi ta ɗan gota. Muka sauke mata a gidan biki, mu maza muka wuce masallaci, aka ɗaura da mu. Ga wani abu da motar tasha ba za ta taɓa ba ka ba: motar tana nan tana jiranka. Kayan Hajiya suna ciki, ba a ɗauke su ana yawo da su gida-gida ba. Da aka ce a je a gaida wata tsohuwa a wata unguwa, shiga kawai aka yi. Direban bai taɓa nuna gajiya ko duba agogo ba. Gidan biki suka ba shi abinci, duk da haka na ba shi kuɗin abincin da aka yi alkawari, ya ƙi karɓa sai da Hajiya ta sa baki.

Bayan azahar na saci minti talatin na kai yara rijiyar Kusugu, tunda a cikin gari take. Sun karanta labarin a makaranta: macijin da ya hana mutane ɗiban ruwa sai ranar Juma'a, baƙon da ya sauka gidan tsohuwa Ayana ya nemi ruwa, Bayajidda ya sare kan macijin, ya auri sarauniya Daurama. Yanzu an gina ɗaki a kan rijiyar, ana ja wa baƙi ruwan su sha. Ƙaramar ta leƙa ta tambaya ko macijin ya bar 'ya'ya a ciki. Fadar sarki ba nisa daga nan, amma waje kawai muka gani, lokaci ba zai bari ba. Wanda ya zo Daura don yawon buɗe ido zalla, yini guda ya ishe shi. Wanda ya haɗa da biki, sai ya zaɓi abu ɗaya.

Ƙarfe uku da na sa, ta zama uku da rabi, saboda sallamar mata. Direban ne ya taimake ni a nan ma. Ya je bakin ƙofa ya ce a gaya wa Hajiya rana ta yi, maganarsa kuma ta fi tawa tasiri a wurinta. La'asar muka yi a Kazaure, raka'a biyu, tunda nisan ya wuce mil 48 ɗin da malamanmu suke faɗa na ƙasaru. Dawowar ta fi zuwan nauyi. Kowa ya gaji, manyan motoci sun fito, daga Dawanau zuwa Kurna kuma tafiyar hawainiya aka yi. An kira magariba muna cikin gari, bakwai da 'yan mintuna muka isa ƙofar gida.

Ban gama sauke kaya ba lambar da ta ƙi ɗauka da safe ta kira ni. Wai yininsu ƙarfe shida na yamma yake ƙarewa, kowace awa bayan nan naira dubu 5, kuma an shiga awa ta biyu, don haka dubu 10. Na ce a nuna mini inda aka faɗa mini haka. Babu. Na ce to makarar safe fa, da canjin mota, wa zai biya ni? Aka yi shiru, sai aka ce a bar shi a dubu 5. Na biya don kada abin ya faɗa kan direba, amma ban ga hujjarsa ba har yau. Ƙa'idar kanta ba laifi ba ce, mai mota yana da haƙƙin ya sa iyaka. A faɗe ta kafin a karɓi kuɗi, shi ke nan. Wanda zai yi hulɗa da irin waɗannan kamfanoni ya sa su rubuta masa lokacin farawa da na ƙarewa, kuɗin ƙarin awa, lambar motar da za a turo, da abin da zai faru in sun makara. In suka yi nauyin rubutawa, ya nemi wasu.

In aka haɗa shata da mai da ƙarin, kuɗin ya fi na kujeru shida a tasha zuwa da dawowa, ba kusa ba. Ga mutum ɗaya ko biyu masu ƙarfi a jika, asara ce. Ga mai tafiya da tsoho ko yara, da lokacin da ba ya ɗaguwa, ni dai ban yi da-na-sanin biya ba. Direban na ba shi cikakken maki. Motar rabi. Ofishin kuwa ƙasa da haka.

Bayan kwana biyu suka turo saƙo suna neman in yaba musu a shafinsu. Na ce zan sake ɗaukar mota in za su ba ni dattijon nan. Amsar da aka ba ni ita ce ba za su iya alkawari ba, domin ba ma'aikacinsu ba ne, motar ma ba tasu ba ce. Ta wani mutum ce da yake ba su in sun sami ciniki, su cire kasonsu.