Mai ƙera kamyo na gwangwani a Sabon Gari, aikinsa ya cancanci kuɗinsa

Jama'a wanda ke neman motar wasa wa yaronsa, irin wadda sitiyarinta ke aiki da gaske, akwai wani dattijo nan kartiyen Sabon Gari da ke ƙera kamyo da gwangwanin madara da na tumatir, tirela da tanka har da irin DAF ɗin nan da ke dakon kaya kan hanyar Dan Issa. Na sa ya yi wa ɗana guda, jika huɗu muka daidaita, kuma wallahi ban ga asara ba.

Abin da ya ja hankalina gatarin gaba ne. Yawancin masu wannan sana'a kusa ɗaya suke kafawa a tsakiya, gatarin duka ya riƙa juyawa, shi ya sa da yaro ya sha kwana da ƙarfi sai motar ta kife ko taya ta shige ƙarƙashin bodi ta maƙale. Shi ko Baba ba haka yake yi ba. Gatarin a kafe yake ba ya motsi, kowace taya da nata ɗan ƙarfen tsaye da take juyawa a kai, ya yanko shi daga sifok ɗin keke ya zura cikin ɗan bututu, sannan wata waya a bayan gatarin ta haɗe tayoyin biyu ta yadda in ɗaya ta karkata ɗayar ma ta bi. Na tsaya ina kallo yana sa filaya yana lanƙwasa hannuwan tayoyin da wayar ke kamawa, yana ɗan karkato su ciki, na ce Baba me ya sa ba ka bar su a miƙe ba, ya ce ɗana ai tayar da ke cikin kwana ƙaramin zagaye take yi, dole ta fi ta waje karyawa, in ba haka ba ja za ta riƙa yi a ƙasa. To wannan fa shi ne tsarin da ake kira Ackermann, wanda aka yi wa rajista a Ingila tun 1818 saboda kekunan doki, kuma har yau da shi makanikai ke aiki. Su ma motocin wasa na kamfanin Tamiya masu rimot da ake gani a YouTube sitiyarinsu na aiki, sai dai kuɗinsu ba na talaka ba ne.

Tayoyi da tsohon silifa ya yanka su, ya sa washa gaba da baya don kar su yi lilo, a yashin ƙofar gida ma motar tana tafiya lafiya lau.

Inda ban ji daɗi ba, fentin bai da kauri, nan da nan ya fara ɓarewa a gefen kabin, sannan ramukan da wayar ke shiga a gwangwani ne kai tsaye, da an jima ana wasa sai su buɗe sitiyari ya fara sako-sako. Na mayar masa ya liƙa washa da dalma a wurin, bai karɓi ko dala ba. In za ku sa aiki ku ce ya sa washar tun farko, kuma ku duba bakin gwangwanin ko ya naɗe shi da kyau saboda hannun yara. Alƙawarin rana kam ba ya cikawa sosai, aiki ya yi masa yawa gab da sallah, gara mutum ya je da wuri.