Wane Dutse Ya Dace Da Kantar Kicin Mai Girkin Indiya?

Girkin Indiya ba ya tausayin kantar kicin, wato teburin da ake aikin girki a kai. Akwai kurkur mai rina duk abin da ya taɓa, akwai tsamiya da lemun tsami da tumatir, ga kuma tadka, wato man da ake dafa wa har ya yi hayaƙi a zuba kayan ƙamshi ya yi ta fallatsa. Kaskon gasa chapati, wato gurasar Indiya, da tukunyar furesha kuwa, daga wuta sai kan kanta. Mai girki da manja ma ta san irin wannan tabo.

Ni dai giranit baƙi nake zaɓa, kuma ba na ɓoyewa. Dutse ne na asali mai tauri, wuƙa ba ta cin sa, zafin tukunya bai dame shi ba, tsami ba ya kashe masa ƙyalli. Sanyinsa da santsinsa sun dace da murza kwaɓin fulawa. Indiya ce gidansa: Black Galaxy mai ɗigo-ɗigo kamar ruwan zinare daga Chimakurthy yake fitowa, kusa da Ongole a jihar Andhra Pradesh, Tan Brown kuma, mai baƙi haɗe da ruwan ƙasa, daga Karimnagar a jihar Telangana. Baƙin dutse ƙofofinsa a matse suke, ba ya shan mai sosai, ko kurkur ya zuba ba a gani. A nemi mai kaurin milimita 18 zuwa 20. Amma ba kowane giranit ba: Kashmir White, wanda daga Tamil Nadu ake haƙo shi duk da sunansa, yana shan ruwa da mai, sai an riƙa shafa masa man toshe ƙofofi.

Mabul kuwa, wato dutsen marmara, a bar shi a falo. Ko na garin Makrana ne da aka gina Taj Mahal da shi, ɗigon lemun tsami kawai zai bar masa shaida. Dutsen Kadappa na jihar Andhra Pradesh yana da arha, sai dai shi ma tsami na cin sa. Ya fi kyau a yi kantocin ajiya da shi. Katako ba ma a maganarsa.

Wanda ya isa ya ja da giranit shi ne quartz, dutsen haɗi da ake yi da garin dutse kimanin kashi 90 cikin ɗari da danƙo. Ba ya shan ruwa, ga kyau. Matsalarsa danƙon nan: a ɗora masa kasko mai zafi, sai ya yi zobe da ba ya gogewa. Ƙurarsa ma tana lalata huhun masu yanka shi, har Ostareliya ta haramta shi daga 1 ga Yuli, 2024.

Inda ake cutar mutane shi ne wajen saye. Wasu dillalai rina dutse mai ruwan toka suke yi da baƙin fenti, su goge shi ya yi sheƙi, su sayar a farashin baƙi na gaske. An taɓa yi mini haka. Ba a jima ba gefen murhu ya fara furfura, dillalin kuma ya ce wai sabuluna ne. Saboda haka kada a je kasuwa hannu biyu. A riƙe farin ƙyalle da ruwan goge jan farce, a murza a gefen dutsen. In ƙyallen ya yi baƙi, a kama hanya. A nemi ɗan guntu a kai gida, a ɗiga masa lemun tsami da mai da kwaɓaɓɓen kurkur, a bar shi ya kwana. A duba bayan falan dutsen ko an liƙe tsaga da gam. A auna kaurin da kai, don 16 kan zama 18 a bakin mai sayarwa. Falan da aka zaɓa kuma a rubuta masa suna da alƙalamin maka a gefe tun a wurin, domin wanda aka nuna maka a shago ba lallai shi za a sauke maka a ƙofar gida ba.