Kulocin Hilux da Land Cruiser: na gwanjo ko sabo fil?

Idan kulocin mota mai agzilari ya fara sulɓi, wato ka taka totur inji ya yi ta kuka amma motar ba ta ƙara gudu, abu uku za a ajiye maka a kan tebur a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna: na gwanjo da aka ciro daga motar waje, tsohon faifai da aka sake wa lainin, sai kuma sabon saiti a kwali. Wanda ya fi cancanta da kuɗinka shi ne sabon saitin kamfanin Aisin na Japan, kuma dalilin yana ƙarƙashin motar.

A ƙaramar mota sauke giyabos aikin yini ne ko ƙasa da haka. A Hilux ko Land Cruiser kuwa sai an kwance farfela biyu, ta gaba da ta baya, a cire kik, a cire sandunan giya daga cikin mota, a kwance ƙarfen da ke tallafe da giyabos, sannan a sauko da shi haɗe da akwatin agzilari, nauyin da mutum ɗaya ba ya iyawa. Duk wannan wahala don a kai ga faifan da bai kai faranti girma ba. Rarar da ka samu a kan na gwanjo, ranar da aka ce a sake sauke giyabos ta tafi, har da ciko daga aljihunka.

Aisin na cikin kamfanonin da ke yi wa Toyota kuloci tun daga masana'anta, saboda haka ƙarfin matsarsa daidai yake da abin da aka tsara wa injin. Feda ba ta yin tauri, mota ba ta karkarwa wajen tashi. Saya cikakken saiti: faifai mai lainin, murfin da ke matse shi, da boris ɗin da ke tura yatsun murfin. Ƙara da ɗan ƙaramin boris na tsakiyar filawil da oyil sil na bayan inji, tunda an riga an buɗe wurin, kuma ɗigon mai kaɗan ya isa ya lalata sabon faifai. Girma ma a kula: a Hilux ta dizal akwai kuloci mai faɗin milimita 260, akwai mai 275, ba sa shiga wurin juna. Je kasuwa da lambar shasi, ko da tsohon a hannu, ka ɗora su ka ƙirga haƙoran tsakiya. Exedy ma ɗan Japan ne, ba laifi idan Aisin ya yi wuya. Wanda aka sake wa lainin kuwa, a bar wa motar da ba ta wuce cikin gari.

Na gwanjo fa? Faifan ana iya auna shi. Littafin gyaran Toyota ya sa iyaka: idan zurfin kan ribit, wato ƙusoshin da ke riƙe da lainin, daga saman lainin ya sauka zuwa milimita 0.3, faifan ya ƙare. Kaɗa shi kusa da kunne, idan sifirin ɗin tsakiya na ƙarar kwararo, ajiye. Matsalar tana ga murfin. Sifirinsa idan ya sha zafi yana rasa ƙarfin matsa, kuma ba a ganin wannan da ido a rumfar mai kaya. Abin da za ka iya gani kawai shi ne tabon shuɗi a fuskar ƙarfen, da kwarin da boris ya ci a kan yatsu. Motar da aka ciro shi daga ciki wataƙila tirela ta yi ta ja a Turai, ba wanda zai gaya maka. Inda na gwanjo ke da hujja shi ne mota ta tsaya a daji, sai a sa abin da aka samu don a kai gida.

Sai dai kalmar "sabo" ita ce aka fi cutar mutane da ita. Kwali ba shaida ba ne, buga shi ake yi, har da tambari da takardar ciki. Buɗe kwalin a gaban mai shagon. Faifan jabu yakan fi sauƙi a hannu, kawunan ribit ɗinsa ba su daidaita ba, wani a lotse wani a karkace, gefen ƙarfen da kaushi kamar da almakashi aka yanke shi. Rubutun da aka buga a jikin ƙarfe na asali yana fita tsaf da zurfi ɗaya, na jabu kuwa wani harafin ya nutse wani da ƙyar ake ganinsa. Akwai kuma tsohon murfi da ake wankewa da fetur, a goge fuskarsa, a fesa masa fenti, a sa a sabon kwali. Wannan a yatsu ake kama shi: duba bakin kowane yatsa inda boris ke taɓawa, sabo ba ya da alamar ci ko kaɗan, kuma fenti ba ya cike kwari. Duba ramukan noti, idan akwai zoben da kan noti ya bari, an taɓa ɗaura shi. Boris ɗin ma a juya shi da yatsa, in ka ji kamar yashi a ciki ko yana juyawa sakaka babu giris, ba shi ba ne. Mai kayan da ya ce maka "wannan ma orijina ne, kwalin ne kawai daban", ko ya faɗi farashin da ya yi rabin na sauran shaguna, yi masa sallama. Karɓi rasit mai ɗauke da sunan kaya da lambarsa. Kuma tsaya a gareji ka ga an sa abin da ka sayo, ka karɓi tsohon ka tafi da shi, don irinsu ne ke komawa kasuwa da sabon fenti.

Kafin ma a sauke giyabos, a tabbatar kulocin ne. Ja birkin hannu, sa giya ta huɗu, saki feda a hankali: inji ya mutu nan take, faifai na kamawa. Idan giya ce ke ƙin shiga kuma feda ta yi laushi, fara duba mai da famfunan kuloci na sama da na ƙasa, aikin da ba ya buƙatar kwance komai.

Wajen ɗaurawa, a duba fuskar filawil. In ta yi tabo ko tsage-tsage a kai ta wurin masu injin gogewa a goge, in ba haka ba sabon faifai zai yi karkarwa. Giris ɗan kaɗan a haƙoran sandar giyabos, kada ya fantsama kan lainin. A ɗaure notin murfi a hankali, wannan gefe sannan kishiyarsa. Wasan feda ya tsaya tsakanin milimita 5 da 15. Kilomita ɗari biyar na farko kada a yi lodi mai nauyi. In kuma motar ta shiga yashi irin na hanyar Agadas ko taɓon damina, a tsaya a sa L4, wato agzilari mai ƙarfi, tun kafin taya ta nutse, a rage wa tayoyi iska a yashi, a ɗauke ƙafa daga feda gaba ɗaya. Rabin kuloci a H4, wato agzilari na gudu, cikin rairayi na iya ƙona sabon faifai a yini guda, ƙaurin zai shigo har cikin mota.